KOYA WA YARO HARBI: A FILI, GABAN BABBA

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, tsohon soja, ya yi a taron shekara na ƴan asalin Bana, bayan an kai amfanin gona gida. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin ƴan'uwa da ke Yamai, da Dosso, da Kamba, da Malanbil, da Kwatano, da Ikko. Wanda takardar nan ta shiga hannunsa, don Allah ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.)



Mai girma wakilin sarki, iyayenmu dattawa, malamai, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da suka taho daga nesa, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi muku barka da kaka. Allah ya sa albarka ga abin da muka kai rumbu, ya mai da matafiya gidajensu lafiya.

Shugabanni sun umurce ni da in yi magana a kan abin da na sani. Aikin soja na yi, kuma shekaru da dama daga cikin aikin nan a filin harbi na yi su, ina koya wa kurata. Saboda haka maganata ta yau ita ce yadda ya kamata babba ya koya wa yaron gidansu harbi, ɗansa ne, ko ɗan ƙanensa, ko jikansa.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, a wannan zamani na tashin hankali wa zai tara jama'a ya yi musu maganar koya wa yara harbi? Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ga amsata. Yaranmu suna koyon harbi, mun so ko mun ƙi. Yaron da ke gadin gero yana da gwafar danƙo a aljihu. Wanda ke bin shanu ya san baka. Gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka a rataye bayan ƙofa ko a cikin rufin ɗaki, maigida yana tsammani ba wanda ya san wurinta, alhali kuwa duk yaran gidan sun sani. Wanda ya tafi cin rani yakan komo da bindigar iska ya ba ƙanensa tsaraba. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne wa zai koya musu, kuma a ina: babba ne a fili da rana, ko kuwa tsararsu ne a bayan gari.

YADDA IYAYENMU SUKA YI

Dattawan da ke zaune a nan sun fi ni sanin wannan, in na yi ragi sai su cika. Maharbi na da ba ya ɗaukar baka ya miƙa wa ɗansa rana ɗaya. Yaro yakan fara da ɗaukar gora da burgami, yana bin ubansa daji. Yakan shekara yana koyon sawun nama, da inda iska ke kaɗawa, da yin shiru. Sa'an nan a ba shi ƙaramin baka da kibiyar kyauro wadda ba ta da ƙarfe, ya yi ta harbin kabewa ko tsohon faifai. Kibiya mai kunne ba ta shiga kwarinsa sai an ga hankalinsa ya zauna. Ita kuwa mai dafi, sai ya zama mutum. Kuma a bisa dukkan maharba akwai Sarkin Baka, wanda in yaro ya yi ganganci yana iya karɓe masa baka, uban yaron ma ba ya cewa don me.

Kada matasa su raina baka. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, amma ƴan bakansu suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa da barade da masu lifidi. A nan jiharmu ta Dosso kuma, cikin watan Afrilu na 1899, mutanen Sarauniya Mangu a Lugu sun tari rundunar Bule da Shanuwan, waɗanda suka taho suna ƙone garuruwa, da kwari da baka suka tare su, su kuwa suna da bindigogi. Waɗannan mutane ba ranar yaƙi suka koyi harbi ba. Tun suna yara aka koya musu, mataki mataki, gaban manya.

Malamanmu ma suna faɗa mana cewa Musulunci ya yabi koyon harbi, kuma sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi da harbin kibiya ya shahara. Amma su malaman dai sukan ƙara da cewa an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, an umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, an kuma hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin bara. Watau izini da ladabi tare suka zo.

Ku dubi yadda wata kalma ta juya a bakinmu. A da in an ce ƴan bindiga, ana nufin bayin sarki masu buga adaka ranar hawan salla, mata na guɗa, yara na bin su da gudu. Yau in aka ce ƴan bindiga, kowa sai ya nemi ƴaƴansa ya rufe ƙofa. A watan Nuwamba na 2024, a garin Mera cikin ƙasar Augie, nan jihar Kebbi maƙwabtanmu, an kashe mutum 15 a karo da Lakurawa. Masu irin wannan aiki yara matasa suke nema, waɗanda bindiga ke burge su domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu nauyinta. Yaron da kawunsa ya koya wa, ya san makami kayan aiki ne mai hatsari, kamar gatari ko garma, ba ya rawar jiki don ya ga wani ya rataya shi.

DOKA TUKUNA

Kafin mu je fili, bari mu biya ta wurin hukuma, domin ba na son wani ya ce a taron ƙungiya aka ba shi izini. A ƙasar Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izini ta hukuma, kuma wanda aka kama da ita ba takarda, gidan kaso ne. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, kuma manyanmu sun tuna ranar 25 ga Satumba 2000, lokacin da aka tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta gaban shugaba Tandja Mamadou, don alamar an gama tawaye. Ƴan'uwa da ke Nijeriya su ma su sani, dokar makamai ta can, wadda aka kafa tun 1959, ta haɗa har da adaka: sai da lasin daga ƴan sanda. Takardar wata ƙasa kuwa ba ta aiki a wata. Wanda ya ƙetare iyaka ta Kamba ko ta gadar Malanbil da bindiga a cikin kaya, ya ɗauko wa kansa da danginsa wahala.

Ita ma farauta da dokarta. Tun farkon shekarun 1970 aka hana ta a duk faɗin Nijar, aka yi shekara 20 da ɗoriya a haka. Yanzu abin da ake bi shi ne doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Dokar nan ta hana farautar dare da fitila, da bin nama a mota, da sa guba, da cinna wa daji wuta. Akwai kuma namun da ba a taɓa su sam, irin su raƙumin dawa, da giwa, da dorina, da ayu. Raƙuman dawan da ke wajen Kure sun ragu har sun koma kamar 50 a 1996; da aka kame hannu aka tsare su, bayan shekara 20 sun haura 500. Gandun daji na gwamnati, irin na Goru Basunga kusa da Gaya da wanda ke nan ƙasar Bana, ba wurin gwajin hannu ba ne.

Saboda haka abin da nake kira a koya wa yaro shi ne harbin abin bara, watau takarda ko faifai ko buhun ƙaiƙayi da aka kafa a wurin da aka shirya. Da danƙo za a fara, sa'an nan baka, sa'an nan bindigar iska in hukuma ta yarda. Bindiga mai albarushi sai ya balaga, sai kuma babban da ke tare da shi yana da takarda.

FILIN HARBI

Filin harbi ba ya bukatar siminti ko kuɗi. Abu huɗu yake bukata.

Na farko, tudu a bayan abin bara, tudun ƙasa mai laushi ko rairayi wanda ya fi tsawon mutum, domin duk abin da ya kuskure ya nutse a ciki. Kada a kafa abin bara jikin dutse, ko ƙarfe, ko kututturen giginya. Abu mai tauri yana mai da harsashi baya ko ya karkatar da shi gefe. Haka nan ruwa: harsashi yana tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke jefa tsingaro a tafki, ya tafi inda ba wanda ya nufa. Mu da muke zaune cikin fadama, mu riƙe wannan da kyau.

Na biyu, a san abin da ke bayan tudun. Mutane da yawa ba su san nisan da harsashi ke ci ba. Kibiyar baka mai ƙarfi tana wuce mita 100. Ƙananan ƙwayoyin bindigar tsuntsu suna kai mita 200 zuwa 300. Ɗan ƙaramin harsashin nan mai lamba 22, wanda ake rainawa, yana wuce kilomita 1 da rabi. Na bindigar soja kuwa yana cin kilomita 2 zuwa 3, wani ma ya fi. Ƙasarmu ba daji ba ce wofi. Akwai mata masu zuwa itace, akwai masu aikin gishiri a Foga, akwai masu lambu da rake, akwai Fulani da ke bin burtali da shanu. Kada fili ya fuskanci hanya, ko rijiya, ko burtali, ko gari.

Na uku, layi. A ja layi a ƙasa da sanda. Mai harbi kaɗai ke tsayawa a kan layi, da babban da ke koya masa. Duk sauran jama'a suna baya, taki 10 ko fiye. Ba mai ƙetare layi ya je duba abin bara sai an ajiye makami a ƙasa.

Na huɗu, murya ɗaya. A filin harbi mutum ɗaya ke ba da umurni. In ya ce a harba, a harba. In ya ce a tsaya, kowa ya sauke hannu. Amma kalmar “tsaya” kowa yana da ikon faɗinta, ko ƙaramin yaro ne, in ya hangi akuya ko mutum ya ɓullo. A soja, ko hafsa ne ya zo fili, yana bin umurnin mai kula da fili. Ina roƙon iyayenmu dattawa su yi haƙuri da wannan ƙa'ida in sun zo kallo.

ƘA'IDOJI KAFIN A TAƁA MAKAMI

Yaro ba ya taɓa makami sai ya iya faɗin waɗannan da ka, kamar yadda yake biya allonsa.

1. Kowace bindiga ɗure take. Ko kai ka sauke ta da hannunka, ka riƙe ta kamar tana da harsashi. Yawancin waɗanda tsautsayi ya faɗa wa, maganarsu ɗaya ce: “Na ɗauka ba kome a ciki.”

2. Bakin bindiga ba ya duban abin da ba ka so ka hallaka. Ko ana tafiya, ko ana hira, ko ana shafa mata mai, bakinta yana duban ƙasa ko tudu. Haka kibiya in tana kan tsirkiya.

3. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ido ya daidaita a kan abin bara. Mutum in ya yi tuntuɓe ko ya firgita, hannunsa damƙewa yake yi ba da saninsa ba.

4. Ka san abin da kake harbi, ka san abin da ke bayansa. Ba a harbin motsin ciyawa, ba a harbin ƙara, ba a harbin inuwa.

5. In ka ga bindiga a inda ba babba, kada ka taɓa. Ka bar wurin, ka kira babba.

YADDA AKE KOYARWA

Bari in ba ku misali da ɗan ƙanwata, wanda aka kawo mini yana da shekara 13, domin uwarsa ta gaji da ƙarar maƙwabta a kan kajin da yake jifa da danƙo. Ranar farko bai harba kome ba. Mun je fili, mun zaga bayan tudu, na sa shi ya ƙirga taki daga layi zuwa abin bara, ya faɗi ƙa'idoji, muka komo gida. A hanya ya ce, “Kawu, yaushe za mu fara?” Na ce masa ai mun fara. Wanda bai iya haƙurin kwana ɗaya ba, ba zai iya haƙurin riƙe kunama ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne idon da yaro ke gani da shi. Kowane mutum yana da ido ɗaya da ya rinjayi ɗaya, kuma ba kullum yake bin hannun da mutum ke cin tuwo da shi ba. A sa yaro ya miƙa hannu, ya rufe wani abu mai nisa da babban yatsa, idanunsa biyu a buɗe. Sa'an nan ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Idon da in shi ne a buɗe yatsa bai gusa daga kan abin ba, shi ne idon harbinsa. Yara da yawa ana ce musu ba su da hannu, alhali da idon da ba nasu ba ake sa su auna.

Ga baka, a fara daga taki 10. Baka ya zama daidai ƙarfin yaro, wanda zai iya ja ya riƙe ya ƙirga 5 hannunsa bai yi rawa ba. Ya tsaya a karkace, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Ya ja tsirkiya har hannunsa ya taɓa gefen bakinsa, kuma kullum wuri ɗaya, domin in yau ya tsaya a kunne gobe a haɓa, kibiya ba za ta san hanya ba. A ɗaura masa fata a hannun da ke riƙe da baka, saboda dukan tsirkiya. A duba kowace kibiya kafin a ɗana. Wadda ta tsage tana iya karyewa ta shiga hannu. Kada a saki tsirkiya ba kibiya, yana lalata baka. Kuma kada a harba kibiya sama don a ga iyakar tashinta.

Ga bindigar iska, a fara daga mita 10, yaro yana zaune ko yana kwance rubda ciki, bindiga tana bisa buhun rairayi. Harsashi ɗaya ake ba shi, daga hannun babba, in ya harba a ba shi wani. Gindin bindiga ya zauna cikin kafaɗa, kunci ya kwanta a wuri ɗaya. Ya shaƙi numfashi, ya saki rabi, ya dakata, sa'an nan ya matsa kunama sannu sannu, kamar mai tatsar akuya, ba fizga ba. Bayan ta tashi kada ya ɗaga kai nan da nan don ya ga inda ta samu. Ya ƙirga 2 tukuna. Babba kuwa yana tsaye dab da kafaɗarsa, inda hannunsa zai kai ga bindiga, idonsa a kan hannun yaro, ba a kan abin bara ba.

Kada a dami yaro da samun tsakiya. Abin da ake nema da fari shi ne harbi 5 su taru wuri ɗaya, ko da a gefen takarda ne. In sun taru, hannu ya zauna, gyaran saiti abu ne mai sauƙi. In sun warwatse, ko ɗaya ya sami tsakiya, sa'a ce kawai. Kada kuma a wuce rabin awa, domin yaro in ya gaji hankalinsa yakan tafi wani wuri. In ya karya ƙa'ida, ko sau ɗaya, ba zagi ba duka: a karɓi makami, a nannaɗe tabarma, a koma gida, sai wani mako. Ɗan ƙanwata sau ɗaya ya juyo da bakin bindiga wajena don ya nuna mini ya sami tsakiya. Mako 2 bai ga fili ba. Bai sake ba, kuma yau shi ke tsawata wa ƙannensa.

Abu biyu na lafiya. Ƙwayar bindigar iska da dalma ake yinta, yara kuwa suna son tara ta a baki don saurin ɗuri. A hana su. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kun ji abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Sa'an nan kunne da ido. Likitoci sun ce ƙarar da ta kai awo 140 a ma'auninsu tana iya lalata ji nan take, kuma yawancin bindigogi masu albarushi sun wuce haka. Ku lura da tsofaffin maharba da mazan jiya, da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Abin toshe kunne na soso da tabarau irin na masu aikin ƙarfe ba su da tsada a Yamai ko Kwatano. Bindigar iska ma, da ake gani kamar abin wasa, tana fasa ido, tana kuma iya kisa in ta sami kai daga kusa.

MAGANAR ADAKA

Adaka gadonmu ce, amma ita ce ta fi cin hannun mai ita. Dalili kuwa shi ne ba ta da awo. Bututun da maƙeri ya samu da shi yake yi, albarushi kuma da ido ake zubawa. Tsatsa tana cin ƙarfe daga ciki inda ba a gani. In an cika mata albarushi don ta fi ta wani ƙara ranar buki, ko an manta an ɗura sau biyu, ko laka ta toshe bakinta, sai ta fashe a hannu. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a zuba garinsa a cikin adaka. Wannan gari ƙarfinsa ya fi abin da bututunta ke iya ɗauka nesa ba kusa ba. In kuma an ja kunama ba ta tashi ba, kada a juyo da ita a leƙa bakinta. Wani lokaci wuta tana ci a hankali. A bar bakinta yana duban tudu, a jira minti guda ko fiye.

Wannan ya sa ba na koya wa yaro da adaka, kuma ina roƙo a daina miƙa wa yara ita ranar suna ko ɗaurin aure don a ga jarumtakarsu. Harbin sama da harsashi a cikin taro shi ma a bar shi. Abin da ya hau sama zai sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin da zai huda kwano, balle kan jariri da ke goye. A gida, bindiga tana wuri mai makulli, ba ɗuri, harsashi da albarushi suna wani wuri dabam, mabuɗi yana jikin maigida.

HARBI WASA NE A DUNIYA

Matasa su sani, harbin abin bara wasa ne da ake samun suna da shi, kamar kokawa. A bukin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ana gasar harbin baka da ta danƙo. A wasannin Olamfik ana harbin baka daga mita 70, abin baran faɗinsa santimita 122, tsakiyarsa kuwa santimita 12 da ɗan kai, kamar bakin ƙaramin ƙoƙo. Ana kuma gasar bindigar iska daga mita 10, inda duk abin baran bai kai santimita 5 ba, ɗigon tsakiya kuwa rabin milimita ne, bai kai ƙwayar gero ba. A wasannin Paris na 2024 wani ɗan Chadi, Israel Madaye, ya kara da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya ci zinariya 3 a shekarar. An ka da ɗan Chadin, amma duniya ta ga baƙar fata daga ƙasar Sahel a kan layi da baka a hannu. Nijar ta sami lambar tagulla a dambe ta hannun Issaka Daboré a 1972, ta sami azurfa a takwando ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016. Jikokin maharba ba su da dalilin da zai hana su neman tasu da baka.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Na ɗaya, shugabanni su je wurin sarki da magajin gari da jandarma, a nemi shawararsu da yardarsu kafin a yi kome. In sun ce yanzu lokaci bai dace da ko bindigar iska ba, sai mu tsaya ga baka da danƙo. Duk ladabin da na lissafa ana koyonsa da su.

Na biyu, a zaɓi wuri ɗaya, a yi gayya a tara tudu, a sanar da masu gonakin kewaye da ardon Fulani ranar da ake harbi da lokacin da ake yi.

Na uku, a naɗa mutum 2 ko 3 daga cikin maharba da tsofaffin sojoji su riƙa kula da fili. Ba yaron da zai zo sai tare da babban gidansu, kuma da sanin uwarsa.

Na huɗu, ga ƴan'uwa da ke ci rani. Kada ku aiko wa yaro da bindiga, kowace iri ce, ku kuna Kwatano shi yana Bana ba mai duba shi. In kuna son ku taimaka, ku aiko da tabarau da abin toshe kunne, da takardun bara, da ɗan abin da za a ba wanda ya ci gasa ranar salla.

Na biyar, ga iyayenmu maharba. Abin da kuka sani na sassaƙa baka, da murɗa tsirkiya, da zaɓen kyauro, ba a rubuce yake ba. In kun tafi da shi, ya tafi ke nan. Ku zo fili ku zauna a inuwa, ku gyara mana.

Jama'a, a shekarun da na yi ina koyarwa, kurtun da ya fi samun tsakiya ba shi nake fara yabo ba. Wanda nake yabo shi ne wanda ya ɗaga bindiga, ya auna, ya ga wani abu ya gitta, ya sauke. Irin wannan yaro muke so a gidajenmu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kowa ya san kibiya in ta bar tsirkiya ba a kiranta ta komo.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya kare mu daga tsautsayi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalamu alaikum.

(Ƙungiya ta amince za a tattauna waɗannan shawarwari 5 a zama mai zuwa. Wanda ke da ra'ayi daga cikin ƴan'uwa na nesa, ya aiko ta hannun wakilin garin da yake zaune.)